Tambaya da Amsa: Mene ne Kofin Kagame, kuma ina namu na Yammacin Afirka?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Don Allah ina yawan ganin ana maganar Kofin Kagame a Facebook, wai na zakarun lig ne, to shi ne dai Champions League na CAF ko daban yake? Sannan me ya sa ban taɓa jin irinsa a Yammacin Afirka ba? Na gode, Allah ya ƙara basira.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, amin. A'a ba ɗaya ba ne. Na CAF na nahiyar Afirka ne gaba ɗaya, shi kuwa wannan na shiyya ne, hukumar CECAFA ce ke shirya shi wa ƙasashen gabashi da tsakiyar Afirka, irin su Kenya, Yuganda, Tanzaniya, Ruwanda, Burundi, Sudan, Habasha, Somaliya, har da Zanzibar wadda ke zuwa da nata zakaran duk da ita ba mamba ba ce a FIFA. Ƙa'idar dai mai sauƙi ce, kulob ɗin da ya cinye lig a ƙasarsa shi ake kira, sai a taru a ƙasa ɗaya a yi kamar sati biyu ana fafatawa, a fara da rukuni-rukuni daga nan sai zagayen 'yan kifa ɗaya ƙwala har zuwa fainal.

A 1974 aka fara shi sosai, Simba ta Tanzaniya ta ɗauka, kuma sau 6 ta ɗaga shi. Sunan Kagame kuma ya shigo ne a 2002 lokacin da shugaban Ruwanda Paul Kagame ya fara ɗaukar nauyin kuɗin kyauta, dala 60,000, wanda ya zo na ɗaya ya tafi da rabi. Wani lokacin sukan gayyato baƙi daga waje, a 2024 ma ai baƙon ne ya tafi da kofin, Red Arrows ta Zambiya ta doke APR ta Ruwanda a bugun fenariti.

To tambayarka ta biyu ita ce ta fi taɓa min zuciya gaskiya. Ai an yi! Kofin kulob-kulob na WAFU, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Yammacin Afirka, an fara shi a 1977, sai dai shi ba zakaru ne ke zuwa ba galibi, waɗanda ba su samu gurbin gasannin CAF ba ne. Ranchers Bees ta Kaduna ta ci a 1989, Bendel Insurance ta jera sau uku daga 1993 zuwa 1995, ASFAN ta Yamai ta ɗauka a 1996, Sharks ta Fatakwal a 2010. Bayan 2011 shiru kake ji.

Abin da ke kashe irin wannan gasa ba ɓoyayye ba ne, kuɗin jirgi da otal ya fi abin da za a ci, ga kalanda ta cika, shi ya sa ko a can gabas ɗin ma akwai shekarun da ba a buga ba, manyan kulob kuma wani lokacin su ƙi zuwa ko su turo yara. Amma wallahi ni ina ganin amfaninta ya wuce kuɗin. Duba mana, zakaran ƙaramar ƙasa zai shiga gasar CAF a haɗa shi da ƙaton kulob a zagayen share fage, wasa biyu gida da waje an cire shi, shi ke nan sai baɗi idan ya sake cin lig. A gasar shiyya kuwa ko ba komai zai buga wasa uku a rukuni da 'yan wata ƙasa, koci ya gwada sabbin 'yan wasansa kafin a shiga kaka, su ma yaran idonsu ya buɗe su daina jin tsoron filin waje. Da WAFU za ta dawo da nata ta mayar da shi na zakaru zalla, zakaran Najeriya da na Nijar da na Ghana da na Mali a gari ɗaya, ni kam ina cikin waɗanda za su fara sayen tikiti.