Ina so in haɗa kwamfutar gem da ɗan kuɗina, amma ina tsoron ta ƙone

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar buga gem, irin su EA FC da GTA V da PUBG, kuma ba ni da halin sayen komai sabo. Wani mai shago ya ce zai ba ni kes (akwatin kwamfutar) mai fitilu da fawa-fak (na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta) 650W a cikinsa kyauta, sai in zuba sauran kuɗin a katin girafik. Abin da ya hana ni barci shi ne ta abokina: ko wata uku ba ta yi ba ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, kati da madabod (babban allon da ake jona dukkan kayan a kansa) duk suka tafi. Idan tawa ta ƙone ba ni da na sake wata. Me zan saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, kuma abin da ya cinye ta abokinka ina kyautata zaton shi ne ake shirin ba ka kyauta, wato fawa-fak. Bari mu fara da kayan, sannan mu zo kansa.

Don gem a kan 1080p, haɗi mai sauƙin kuɗi shi ne furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600 a kan madabod B450 ko B550. Idan B450 ce, a kunna ta a gabanka da furosesan a ciki, don tsofaffin sai an sabunta musu BIOS, wato manhajar da ke jikin madabod, kafin su gane shi. A ɓangaren Intel akwai Core i3-12100F da H610. Duka biyun ba sa fitar da hoto sai da kati. In kuɗin kati bai samu yanzu ba, ɗauki Ryzen 5 5600G, yana da girafik a jikinsa, ka lallaɓa da shi har kati ya samu. RAM 16GB DDR4-3200, amma guda biyu masu 8GB, a rami na biyu da na huɗu idan ramukan huɗu ne, kuma ka kunna XMP, saitin gudun RAM, a BIOS, in ba haka ba za ta yi gudu ƙasa da abin da ka biya. SSD NVMe mai 512GB ya isa farawa. Kati kuwa, RX 6600 mai 8GB idan hannu ya kai, in bai kai ba GTX 1660 Super na hannu. Kada yawan GB ya ruɗe ka: GT 730 mai 4GB ba katin gem ba ne. Idan an nuna maka GTX 1050 Ti mai kafar VGA, wato tsohuwar kafar jona monita, ajiye shi, na asali ba ya zuwa da ita. Tsohon kati ne aka sauya wa suna, kuma manhajar GPU-Z tana tona irinsa.

To, ga maganar fawa-fak. Kullum sai an ji wani yana cewa ai fawa-fak fawa-fak ne, tunda an rubuta 650W shi ke nan. Wannan maganar ta ƙona kwamfutoci fiye da wutar NEPA da ake ɗora wa laifi. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya ba ka fawa-fak kyauta a cikin kes mai araha ya san nawa ya saye shi.

Juya shi ka karanta takardar da ke gefensa. Manta da babbar lambar da aka buga da ja. Nemo layin da aka rubuta +12V, ka duba lambar da ke ƙarƙashinsa mai harafin A, ka ninka ta sau 12. Furosesa da kati duk daga wannan layin suke shan wuta. A irin waɗannan na kyauta za ka tarar da kamar 18A, wato wat 216 ke nan, sauran lissafin an cike shi da layukan 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika buƙata ba. Nagari mai 550W zai nuna maka wajen 45A a wannan layin. Yanzu yi lissafin kayanka: Ryzen 5 5600 yana kaiwa wat 76, RX 6600 wat 132, ga madabod da fankoki da SSD. Ka doshi wat 250. Wat 216 ba za su ɗauke shi ba, ko da takardar gaskiya ta faɗa, balle ma sau da yawa ba ta faɗa ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, a shago komai lafiya. An kunna, Windows ta hau, fitilu sun kama, an tafa an biya. Kwamfutar da ke zaune ba ta aikin komai wutar da take sha kaɗan ce. Sai an je gida, an shiga gem, kati ya buɗe wuta, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, sannan asiri zai tonu. Nagarin fawa-fak yana da kariya: idan kaya ya fi ƙarfinsa, ko ya yi zafi, ko waya ta haɗe, sai ya kashe kansa. Na bogi an cire waɗannan don a rage kuɗi, shi ya sa idan zai mutu sai ya tura wutar da ta wuce kima cikin madabod da kati da SSD. Ɗaga shi a hannu ma za ka ji: ba nauyi, wayoyin sirara, in ka leƙa ta ragar fanka rabin cikin fili ne.

Sannan ga masu gyaran da ke cewa babu matsala idan fawa-fak ba shi da kan waya mai fil 8 na kati, za su sa maka adafta daga wayar SATA, wadda ake ba hadis wuta da ita. Don Allah kada ka yarda. Kan SATA an yi shi ne don wat 54, mai fil 8 kuma har wat 150 ake ja ta cikinsa. Robar tana laushi, ta yi baƙi, ta narke, wani lokacin ta kama da wuta, a ɗakin da mutane ke kwana. Rashin wannan kan wayar shi kansa shaida ne cewa fawa-fak ɗin ba a yi shi don katin gem ba. Mai gyaran da ya san haka ya rufe bakinsa don cinikin rana ɗaya, ya ci amanar yaron da ya yi shekara yana tara kuɗi, kuma haƙƙi ne a wuyansa.

Abin da za ka saya: sabo, mai 550W zuwa 650W, na kamfanin da aka sani kamar Corsair CX, Cooler Master MWE, MSI MAG ko Seasonic, a kwalinsa da rasit. Tambarin 80 Plus Bronze alama ce ta rashin ɓarnar wuta kawai, kuma ana buga na ƙarya, saboda haka ka bincika lambar samfurin a shafin kamfanin. Ka zaɓi wanda aka rubuta 100 zuwa 240V, ya fi jure wa wutar da ke zuwa ƙasa-ƙasa. Ware masa kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗinka. Idan lissafi ya ƙi, rage a kes, ka haƙura da fitilu, ko ka sauko mataki ɗaya a kati. Furosesa da RAM da kes duk ana iya sayensu na hannu. Fawa-fak ban yarda ba. Kuma kada ka taɓa kwance shi don gyara, akwai wuta ajiye a cikinsa ko bayan an zare shi daga bango.

A gida, kada ka jona kai tsaye a bango ko a ƙaramin janareta. Sa sitabilaiza, in da hali UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, amma ka lura 650VA da ake rubutawa a jikin UPS ba wat 650 ba ne, bai kai wat 400 ba, don haka nemi 1000VA zuwa sama idan da monita. Kashe kwamfutar kafin a juya layi daga NEPA zuwa janareta. Ɗora kes a kan tebur, kuma lokacin hunturu ka riƙa hure ƙura da bulowa, kana riƙe fankokin da yatsa kada su juya.

Ranar saye, ko a Titin Beirut na Kano ne ko Computer Village ta Ikeja, kada ka biya sai an saka gem ko FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, ya yi minti 30 a gabanka, kana kallon zafin katin a GPU-Z. Idan ya haura digiri 85, ko hoto ya fara ɗige-ɗige, ko kwamfutar ta ɗauke da kanta, a canja maka kafin kuɗi ya bar hannunka.