Tambaya da Amsa: Na Iya Gyaran Na'urorin Asibiti, Me Ya Sa Ingila Suka Ƙi Ɗaukata Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na yi digirin injiniyancin na'urorin asibiti a gida, na kuma yi shekaru ina aiki a wani asibitin koyarwa. Bara na biyo mai ɗakina Birmingham, ita ma'aikaciyar jinya ce. An kira ni intabiyu a asibitocin NHS, wato na gwamnatin ƙasar, ba wanda ya ɗauke ni. Yanzu wani ya ce dole sai na yi rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, in ba shi kuɗi ya shirya mini. Hankalina ya tashi, ina ganin kamar karatuna ya tashi a banza.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kuma kada ka ba mutumin nan ko sisi. Rajistar HCPC da yake magana ta masu gwajin jini da fitsari a ɗakin gwaji ce, da manyan masanan da suka bi wani horo na musamman, da wasu ma'aikatan lafiya. Sunan sana'ar masu gwajin nan a Turanci ya yi kama da na taka, da wannan 'yan damfara ke cin kasuwa. Mai gyara da kula da na'urori rajistarsa RCT ce, wadda IPEM, ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin fannin lafiya, ke riƙe da ita, ba ta dole ba ce a doka, kuma da yawa sai sun fara aiki suke yin ta. Digirinka kuwa, ka nemi takardar daidaita shi daga UK ENIC, hukumar da ke kwatanta takardun karatun waje da na Birtaniya. COREN, hukumar injiniyoyi ta Najeriya, ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniyanci tsakanin ƙasashe a 2023, sai dai hakan bai cika amfanar wanda ya gama kafin lokacin ba. Tunda bizar iyali gare ka, ba ka buƙatar wani ya ɗauki nauyinka, wannan ma babban rufin asiri ne.

Abin da ke kayar da mutanenmu a intabiyu ba takarda ba ne. Imanin nan ne da aka taso da shi, cewa na'ura in ta kunna ta gyaru. Za a ce maka, "An kawo famfon ƙarin ruwa ba ya aiki, me za ka yi?" Sai mutum ya baje hikima: ya buɗe, ya gano abin da ya ƙone, ya ciro irinsa daga wata matacciyar na'ura, ya liƙa da dalma, ta tashi, ya mayar ɗakin marasa lafiya. Yana jiran yabo, su kuwa tuni sun soke sunansa. Dabarar nan rashin kayan gyara ne ya haife ta, ban raina ta ba. Amma tana kisa, kuma ba a ganin sawunta.

Dubi wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke ce wa at. Wani sai ya karya ƙafar filogi ta uku don ya shiga soket, ko ya naɗa zaren waya a gurbin fiyus, ya ce ai tana aiki. Tana aiki mana! Wutar da ke yoyo daga na'ura ba ta hana ta aiki, hanyar fita kawai take nema, in ba at sai ta bi jikin majinyaci. Kai da ke taɓa ta da busasshen hannu ba za ka ji komai ba. Wanda aka zura wa waya ko bututu har cikin zuciya kuwa, wuta 'yar mitsitsiya, maikro'amfiya 'yan gomomi, na iya hargitsa bugun zuciyarsa. Ya cika, a ce kwana ya ƙare. E, ajali gaskiya ne, amma wanda ya karya filogin ma za a tambaye shi.

Shi ya sa suke son jin lambobi daga bakinka. A ƙa'idar IEC 62353, wadda ake bi bayan gyara da lokacin duba na shekara, juriyar wayar at haɗe da igiyar wuta kada ta wuce om 0.3. Yoyon na'ura mai aji na ɗaya, wato mai wayar at, in an auna kai tsaye, iyakarsa maikro'amfiya 500, mai aji na biyu, wato mai rufin kariya ninki biyu, 100, sashen da ke taɓa zuciya, wato nau'in CF, 50. Ba da mitar aljihu ake auna wannan ba, sai da ma'auni irin Rigel 288 ko Fluke ESA615, shi ma sai takardar saitinsa ba ta ƙare ba. Kana aunawa kana lanƙwasa igiyar kusa da filogi, don wayar da ta kusa tsinkewa a nan take tona kanta.

Bayan nan sai gwajin aikin kanta. Na'urar farfaɗo da zuciya ana sauke ta a kan nauyin om 50 a ga ko jul ɗin, wato ƙarfin bugun wutar da aka zaɓa, shi ya fito. Famfon ƙarin ruwa a auna abin da yake turawa a awa, galibi sassaucin kashi 5 cikin 100 ne, sannan a toshe bututun a ga ko ƙararrawa za ta yi kuka a matsin da kamfani ya faɗa. Mai cire ƙararrawa don ta dami ma'aikatan dare, wannan ban san sunan da zan kira shi ba. Batir kuma sai wanda kamfani ya amince da shi. Na kasuwa kan nuna cike, ya mutu ana tsakiyar tura majinyaci zuwa tiyata.

To in an sake yi maka tambayar, fara da takardar shaidar an tsabtace na'urar kafin ka taɓa ta. Ka ce za ka duba tarihinta a kwamfuta da lambarta, ka bi littafin kamfani, ka sa kayan asali, ka yi gwaje-gwajen nan, ka rubuta sakamako, ka manna takarda mai kwanan wata. In kuma ta cutar da wani, ba a gyara ta ko goge bayananta: a killace ta da duk abin da ke jikinta, a kai rahoto MHRA, hukumar da ke sa ido kan magunguna da na'urorin asibiti.

Nemi gurbin mataki na 4 ko na 5 na albashin NHS a sashen kula da na'urori da suke kira EBME, ko a kamfanonin da ke kwangilar kula da na'urori, kada girman kai ya hana ka. A takardar neman aikin ka jera na'urorin da ka yi aiki a kai da sunan kamfani da samfurinsu. In ba ka taɓa riƙe ma'aunin yoyo ba, yi gajeren kwas a kansa kafin intabiyu na gaba, ka kuma sami lasisin tuƙi na ƙasar, don aikin kamfani yawo ne asibiti zuwa asibiti.