Oba-obar masu gadinmu na ɗaukewa a matattakala: mu sayi mai ƙarfi ko mu sa busta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da wani sabon gini mai hawa biyar a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Hawan ƙasa shaguna ne, sama ofisoshi da ɗakin taro, a ƙarƙashin ƙasa kuma akwai wurin ajiye motoci da ɗakin famfo da na janareta. Masu gadinmu suna riƙe da oba-oba. A haraba ras ake jin juna, amma da mutum ya shiga matattakala ko ya gangara ƙasa, sai shiru. Kwanan baya hayaƙi ya tashi a ɗakin janareta, mai gadi ya yi ta kira ba wanda ya ji, sai da ya hauro da gudu. Allah ya tsare. Alhaji mai ginin ya ce in sayo oba-oba mai ƙarfi, wani ɗan haya kuma ya ce bustar waya za mu sa. Wanne ya fi? Kuma in gobara ta tashi, rediyon 'yan kwana-kwana zai yi aiki a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara tsarewa. Ka ba Alhaji haƙuri ya dakata da kuɗinsa tukuna, domin a cikin shawarwarin nan biyu babu wadda za ta kai ku.

Bari in fara sallamar bustar waya, don maganarta gajera ce. Ita sabis ɗin MTN da Airtel da Glo take ƙarfafawa, daga megahaz 700 zuwa sama. Oba-oba kuwa can ƙasa take magana, ko dai a zangon VHF, tsakanin megahaz 136 da 174, ko a UHF, tsakanin 400 da 470. Bustar ba ta ma san da zamanta ba. Ga shi kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sha gargaɗi cewa kafa irin wannan busta ba da izini ba laifi ne, saboda tana dagula wa kamfanonin waya sabis. Ko da ma ta halatta, ban yarda a jingina ran mutane da wayar salula ba. Mu 'yan jihar nan mun ga yadda aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a watan Satumba na 2021. Waya ta kiran lambar gaggawa 112 ce. Bayan an kira, aikin cikin gini na rediyo ne, inda mutum ɗaya zai danna ya yi magana kowa ya ji a lokaci guda.

Shawarar Alhaji ta fi kusa da hankali, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Oba-oba ta hannu wat 4 ko 5 take fitarwa. Waɗanda ake rubuta wa wat 10 ko 15 a kwali, sau da yawa in ka ɗora su a mita za ka ga rubutu ne kawai. To mu ƙaddara gaskiya ne, ka ninka ƙarfin daga 5 zuwa 10. A ma'auninmu na desibel, 3 kacal ka ƙaru. Shi kuwa bangon kankare mai rodi, guda ɗaya yakan cinye desibel 10 zuwa 20, wani ma fiye. Desibel 10 na nufin kashi ɗaya cikin goma ne ya tsira, 20 ɗaya cikin ɗari, 30 ɗaya cikin dubu. Yanzu ƙirga abin da ke tsakanin ɗakin janaretanku da ƙofar shiga: bango, dekin, wani bangon, ƙofar ƙarfe. Desibel 3 a nan tamkar ɗiban ruwan rijiya ne da cokali. Abin da za ka samu kawai batir ya riƙa mutuwa kafin la'asar.

Matattakala ta fi ko'ina taurin kai saboda da gangan aka gina ta haka. Ita da ramin lif su ne ƙashin bayan bene, nan ake zuba kankare mafi kauri da rodi mafi yawa, a rufe da ƙofofi masu tare wuta. Rodin da aka saƙa kamar raga keji ne ga siginar rediyo. Wato wurin da aka tanada don mutane su tsira ta cikinsa, shi ne wurin da murya ba ta fita. Gine-ginen yanzu sun ƙara da nasu: fallayen alminiyon da ake lulluɓe fuskar gini da su, da gilashin nan mai sheƙi da ke korar zafin rana. Gilashin yana da siririn shafe na ƙarfe, yadda yake mayar da zafi haka yake mayar da sigina. Gidan ƙasa na cikin birni bai san wannan matsala ba.

Ba ku kaɗai ba ne, kuma waɗanda suka rigaye ku da rai suka biya. A 1987 gobara ta kashe mutum 31 a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta King's Cross da ke Landan, binciken da ya biyo baya ya nuna rediyon masu ceto bai yi aiki a ƙasan ba. Ranar 11 ga Satumba 2001, 'yan kwana-kwana 343 suka mutu a tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a Amurka, kuma da yawa daga waɗanda ke sama ba su ji umarnin ficewa ta rediyo ba. Bayan haka ne, daga 2009, kundin dokar kariya daga gobara da yawancin jihohin Amurka ke bi ya wajabta wa sababbin gine-gine su tabbatar rediyon masu ceto na aiki a ciki. Dokarsu ce, ba ta hau kanku a Katsina ba. Amma awon da suka fitar mai kyau ne, kuma aronsa kyauta ne.

Ga yadda za ka yi shi ranar Asabar ɗin nan, ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ɗauko zanen ginin, ka raba kowane hawa gida 20 daidai wa daida. Ka zaunar da mutum ɗaya a ɗakin masu gadi, wani ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a tsakiya ya yi kira. A ƙa'idarsu ana son kashi 95 cikin ɗari na kowane hawa ya amsa, wato gida ɗaya tak aka yafe cikin 20. Wuraren da rai ya rataya a kansu kuwa, irin matattakala da ɗakin famfon kashe gobara da gaban lif, ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, NFPA, ta ce kashi 99. Masu na'urar awo suna neman ƙarfin sigina ya kai -95 a ma'aunin dBm, amma kunne ma alƙali ne: in ana gane magana ba tare da an yi ta "maimaita, maimaita" ba, ta ci.

Sai dai a yi awon da gaskiya. Kar mai kiran ya ɗaga oba-oba sama kamar mai neman sabis a ƙauye. Ya bar ta inda take zama ranar aiki, a ƙugu ko a ƙirji, domin jikin mutum kansa yana tare sigina. A rufe ƙofofin matattakala duka. Kar a ce "kana ji na?", don ko cikin shuuu mutum zai ce e. A karanto lambobi a rubuta, ni nakan sa bakwai da takwas a ciki, su ne ke fara rikicewa in murya ta lalace. Kuma a gwada ta ɓangare biyu. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa: sau da yawa na ciki yana jin na waje sarai, shi ne ba a ji. Mai gadinku na ɗakin janareta wataƙila yana jin hirar abokansa a lokacin da yake ta kiran da bai isa ba. In shagunan ba su cika ba, a sake awon bayan sun cika, don kantocin ƙarfe da firji da tarin kaya duk suna canza lissafi.

Kafin ka tashi, duba bayan oba-obar ka ga zangonta. In VHF ce, aro UHF guda biyu ka sake zagayen. Tsawon igiyar VHF wajen mita 2 ne, ta UHF wajen santimita 70 ne kawai, don haka ta fi iya kurɗawa ta taga da ƙofa da lungu. VHF ta daji ce da gona. Na ga ginin da wannan canji kaɗai ya warkar da hawan sama duka, ƙarƙashin ƙasa kawai ya rage.

Inda ya rage, maganinsa a kai eriya wurin. Ga gini irin naku abin da nake ba da shawara shi ne rifita taku ta kanku: akwati ne da ke karɓar magana a mita ɗaya, wato tasha ɗaya, ya sake watsa ta a wata, da ƙarfin wat 25 zuwa 50. Amma kar a yi kuskuren da aka saba, a kafa mata doguwar eriya a kan rufi a ce an gama. Eriyar rufi gefe take harbi, za ta kai ka har hanyar Jibiya, amma abin da ke ƙarƙashin ƙafarta ba ta gani. A ja kebul daga rifitar, a rarraba shi zuwa ƙananan eriyoyi: ɗaya a wurin motoci, ɗaya kusa da ɗakin famfo da janareta, sannan cikin matattakala bayan kowane hawa biyu ko yadda awo ya nuna. A dogon lungu akwai kebul mai tsaga-tsaga a jiki wanda shi kansa eriya ne, irin wanda ake shimfiɗawa a ramukan haƙar ma'adinai. Kebul ɗin nan kar a yi masa rowa. Siririn kebul ɗin nan RG-58 a UHF yana zubar da rabin ƙarfi cikin mita 10, mai kaurin rabin inci kuwa sai ya yi wajen mita 60 kafin ya yi wannan asara. Wayar dish ba ta shiga nan ko kusa, ita om 75 ce, kayan rediyo om 50. Mitar da rifitar za ta hau kuma sai an nemi lasisinta daga hukuma, ba a tsintar ta a kasuwa.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi. Rifitarku ba za ta ɗauki rediyon 'yan kwana-kwana ba, tunda ba mita ɗaya kuke ba. A ƙasashen da na ambata, abin da ake sawa amfilifaya ce mai baki biyu: eriya a kan rufi tana fuskantar hasumiyar masu ceto, ta jawo siginarsu ta zuba a eriyoyin cikin gini, ta kuma kwashi ta ciki ta mayar. Dillali zai so ya sayar maka da ita, don ita ce mai tsoka. Amma amfilifaya ba ta ƙirƙirar magana, abin da ta samu take ƙarawa. In masu ceton rediyo-da-rediyo suke yi kai tsaye, ba hasumiyar da za a fuskanta, ka sayi akwati mai cin wuta a banza. In kuma aka kafa ta ba daidai ba, eriyar rufi ta riƙa jin ta ciki, sai ta kama ƙugi irin na lasifikar masallaci in makirfo ya matso ta, ta toshe tashar ga gari duka. Shi ya sa ƙa'ida ta ce ratar da ke tsakanin eriyoyin biyu ta ɗara ƙarfin amfilifayar da desibel 20, kuma ba a kunna ta sai da amincewar masu mitar.

Saboda haka ka taka da ƙafarka zuwa ofishin hukumar kashe gobara ta jiha, ka gaida shugaban tashar, ka tambaye shi irin rediyon da suke riƙewa, ka gayyace su su zo da shi a yi zagayen gidaje 20 ɗin nan tare. Daga nan za a san ko akwai abin ƙarfafawa. Ko ma mene ne sakamakon, ka tanadi akwati a ɗakin masu gadi da oba-oba huɗu ko shida na tasharku, kullum a cike da caji, waɗanda za a miƙa wa jagoransu da sun iso, haɗe da zanen ginin. Dabara ce mai araha, kuma a ranar za ta yi aiki. In da hali a ƙara da tarho mai waya tsakanin ɗakin famfo, kowane hawa na matattakala da ɗakin masu gadi. Tsohon yayi ne, amma kankare bai dame shi ba.

Saura wutar lantarki, inda kayan kirki ke mutuwa a garin nan. Da gobara ta tashi abu na farko da ake yi shi ne kashe wutar lantarkin ginin, janaretanku kuma kun riga kun ga shi ma yana iya zama tushen hayaƙin. Don haka rifita ta samu batirinta na kanta, wanda zai riƙe ta awa 12 aƙalla, kamar yadda ƙa'idar can ta tanada. Na kanta na ce. Na taɓa komawa wani gini wata shida bayan mun gama aiki, na tarar an ja waya daga batirin rifita zuwa fanka da cajin wayoyi goma sha, wai ai ba a amfani da shi. A sa shi a akwati mai makulli, da ƙararrawa ko fitila a ɗakin masu gadi da za ta nuna in caji ya tsaya. Kar a ajiye shi a ɗakin janareta, kar kuma a saman rufi. Batirin gubar nan a zafin digiri 25 aka auna rayuwarsa, duk ƙarin digiri 10 yana raba ta biyu, kai kuwa ka san abin da Afrilu ke yi a Katsina. Babban kebul ɗin da ke hawa bene ya bi ta cikin bututun ƙarfe a ramin da wuta ba ta saurin ci, nesa da wayoyin lantarki. In akwai eriya a waje, a yi mata waya zuwa ƙasa da abin tare tsawa kafin damina.

Shekara-shekara a sake zagayen, haka ma duk lokacin da aka ƙara bango ko wani ɗan haya ya shigo da manyan kantoci. Ni nakan so a yi shi bayan hunturu, in ƙura ta lafa, a buɗe akwatin a kakkaɓe, a zare filogi a ga ko batirin zai kai yamma. In ka gama zagayen farko, turo mini zanen da alamar wuraren da suka faɗi da lambar da ke bayan oba-obarku, sai in gaya maka eriya nawa za ka nema da inda za a kafa su.