Wanda super() yake kira ba lallai uba ba ne

Ɗana, na ga tambayarka. Ka ce ka rubuta aji huɗu (class, wato tsarin da ake ƙera abubuwa daga gare shi) a Python, harshen rubuta manhaja: Naura a sama, Firinta da Sikana kowanne ya gaje shi, sai Hadaka da ya gaji su biyun, Firinta da farko. Ka sa `super().kunna()` a cikin Firinta kana jiran aikin `kunna` na Naura ya amsa, sai na Sikana ya amsa, alhali babu inda Firinta ya ambaci Sikana. Har kana zargin harshen ne ya ruɗe.

Harshen lafiyarsa lau. Kai ne kake bin nasaba da ido, kana buɗe fayil bayan fayil, kana ɗauka `super()` ma'anarsa "ubana". Ba haka ba ne. Ma'anarsa "wanda ke bi mini a layi". Layin kuwa ba na Firinta ba ne, na ajin da aka ƙera abin daga gare shi ne. Kai Hadaka ka ƙera. To rubuta `Hadaka.__mro__` ka ga abin da zai fito: Hadaka, Firinta, Sikana, Naura, sannan `object`, kakan kowa. Ɗora yatsanka a kan Firinta, ka matsa taki ɗaya. Wa ka tarar? Sikana. Da Firinta zalla ka ƙera, da Naura ne zai amsa, da rubutun nan ɗaya tak ba tare da ka taɓa ko harafi ba.

Dokar jera layin ana kiranta C3. An fara fito da ita ne domin harshen Dylan a 1996, Python ya ɗauke ta a sigar 2.3 a 2003. Abu biyu take tsarewa: ɗa ba ya zuwa bayan ubansa, kuma iyaye suna bin jerin da ka rubuta su, daga hagu zuwa dama. Tsofaffin azuzuwan Python ba haka suke ba. Su sukan bi reshen farko har ƙarshensa kafin su waiwayi na biyu, wato Firinta, Naura, sai daga baya Sikana. Ka ga ke nan tsohon aikin Naura zai danne gyaran da Sikana ya yi masa, wanda ya rubuta Sikana ya yi aikin banza. Idan kuma ka nemi abin da dokar ba za ta iya warwarewa ba, misali ka sa Naura gaban Firinta a jerin iyaye, Python ba zai yi maka kame-kame ba, zai jefo maka saƙon kuskure na `TypeError` tun wajen ƙirƙirar ajin.

Ni ma na sha wannan. Na taɓa kashe yini guda a wata manhaja da na gada daga hannun wani, ina gyara aiki a ajin da ba shi ake kira ba, ina mamakin me ya sa babu abin da ya sauya. Ashe wani ƙaramin aji ne a tsakiyar layi ya kama kiran bai miƙa gaba ba, mai shi ya manta da `super()`. Duk na bayansa suna nan zaune, kira ba ya isa gare su. Tun daga ranar ba na zato, tambaya nake. `Hadaka.kunna.__qualname__` zai faɗa maka ajin da aka rubuta aikin a ciki. `__bases__` iyaye na kusa kawai yake nunawa, kada ka tsaya a nan. In kana son gangarowa ƙasa ka ga 'ya'ya, akwai `__subclasses__()`.

Ka gwada hannunka a kan abin da ke cikin harshen. `bool`, ajin `True` da `False`, ɗan `int` ne, ajin cikakkun lambobi, shi ya sa `True + True` yake ba da 2. `ZeroDivisionError`, kuskuren raba lamba da sifili, ya fito daga `ArithmeticError`, shi kuma daga `Exception`, sannan `BaseException`. Wannan ya sa in ka sa uban a `except` na farko, wato wurin kama kuskure, na ɗan da ka rubuta a ƙasa ba zai taɓa samun aiki ba.

A harshen Java wannan ciwon kan da sauƙi, aji uba ɗaya yake gada. Amma kai a Python kake. Je ka tabbatar Firinta da Sikana duka suna kiran `super().kunna()`, Naura kaɗai ne zai tsaya bai kira ba, domin `object` ba shi da `kunna`. Sa kowanne ya buga sunansa in an kira shi, ka kawo mini jerin da ya fito gobe da safe.