Ƙarkon injin LX 600 da giyarta

Malam, ka tambaya ko injin Lexus LX 600 da giyarta za su yi ƙarko kamar na LX 570. Injin ne abin dubawa. An ajiye tsohon injin V8 na LX 570, aka koma V6 mai turbo biyu a LX 600. A 2024 Toyota, mai ƙera Lexus, ta yi kiranyen motoci kusan 102,000 a Amurka domin gyara, LX 600 da Tundra ƙirar 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin inji tun daga masana'anta. Sai ka ji ƙwanƙwasa, daga nan inji ya buga. Kamfanin ya ɗauki nauyin sauya injin kyauta. Giyar ba ta cikin wannan kiranyen.

In daga Amurka aka shigo da ita, don Allah ka bincika lambar shasi kafin ka biya, ka tabbatar an sauya injin.