Wa aka tambaya, kuma ta wace hanya? Amsa kan ƙuri'ar jin ra'ayin masu zaɓe

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko alƙaluman nan da ake fitarwa gabanin zaɓe, wane ne a gaba wane ne a baya, abin yarda ne, tunda kai dai tun da kake ba wanda ya taɓa tare ka ya ce wa za ka zaɓa. Bari in sa baki, don na taka wannan aikin da ƙafata. Gabanin zaɓen 2023 wani kamfani ya ɗauke mu muna bi gida-gida a Kano da Jigawa, kwamfutar hannu a jaka, takardar shaida rataye a wuya.

Rashin tambayarka ba shi ne aibin ba. Mai sayen gero a Dawanau ba ya zazzage buhu, hannu yake zurawa ya ɗebo daga ciki. Afrobarometer, da ta fara irin wannan bincike a Afirka tun 1999, mutum 1,600 takan tambaya a duk faɗin Najeriya, kuma in an zaɓo su bisa ƙa'ida, galibi kuskuren ba ya wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari sama ko ƙasa. Rigimar tana wurin inda aka zura hannun. In a bakin buhu ka tsaya, algus ya ci ka.

Dubi wadda ta fi tayar da ƙura. A Satumbar 2022 gidauniyar ANAP ta sa NOIPolls, wani kamfanin jin ra'ayin jama'a, ya buga wa mutane waya: Peter Obi kashi 21, Tinubu da Atiku 13 kowanne, Kwankwaso 3. Sojojin baka suka ɗauka suna ta yayatawa. Abin da ba su karanta ba yana ƙasa kaɗan: kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, 15 sun ƙi faɗa. Kusan rabi ke nan ba su buɗe cikinsu ba. Wadda kafar labarai ta Bloomberg ta wallafa a watan, da aka tattara ta manhajar babbar waya, har kashi 72 ta ba Obi cikin waɗanda suka yanke shawara. Tsakani da Allah, matan karkara nawa ne ke riƙe da babbar waya da data?

Su masu "ban yanke shawara ba" ɗin nan na san su ido da ido. A wani ƙauye, bayan mun gaida dagaci ya haɗa mu da ɗan rakiya, lissafin gidaje ya faɗa kan wani dattijo. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa a kwanon sha. Tsadar taki, rashin magani a asibiti, duk ya amsa dalla-dalla. Da na zo kan wa zai zaɓa, sai ya gyara zama ya ce, "Yaro, Allah Ya zaɓa mana mafi alheri." Na sake tambaya ta wata siga, ya ce amin. Ga jar hula a rataye jikin ƙusa bisa kansa, amma doka ta hana ni rubuta abin da bakinsa bai furta ba. Na danna "bai yanke shawara ba" ina kallon hular.

Mata kuwa wani babi ne. Ƙa'idar ita ce namiji ɗaya mace ɗaya, bi da bi, kuma gidan da ba a shiga abokiyar aikina ke shiga. Ta ce sau da yawa maigida sai ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa. "Baba, wa za ki zaɓa?" "Wanda Malam ya ce." Wata rana aka kira sallar azahar maigidan ya fita, matar ta kamo hannunta ta ce, "'Yar nan, goge wancan, ba shi zan dangwala wa ba." Da ladan ya yi jinkirin minti biyar, da amsar farko ce ta tafi Abuja. Wasu kuma da sun ga kwamfuta sun ɗauka sunayen tallafi ake rubutawa, sai yabon gwamnati ba ƙaƙƙautawa. Shi ya sa Afrobarometer ke rufe hira da tambayar wa kake zaton ya aiko mu.

Mu ma ba wankakku ba ne. Da yake kuɗin a kan kowace hira ake biya, an samu wanda ya zauna gindin darbejiya ya cika goma shi kaɗai. Na'urar ce ta tona shi, don tana nuna inda aka tsaya da mintin da aka ɗauka.

Amma babban ramin shi ne fitowa. Da wuya in tuna wanda ya ce mini ba zai fita ba, kowa "in sha Allahu da ni za a buɗe rumfa". Masu rajista miliyan 93.4, waɗanda suka karɓi katin zaɓe miliyan 87.2, amma ranar 25 ga Fabrairu waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari. Ka tuna lokacin ne na canjin kuɗi, mutum na kwana a layin banki bai samu na mota zuwa garinsu ba. Nan nake jinjina wa Stears, wani kamfanin da shi ma ya yi irin wannan ƙuri'ar, don su hasashe biyu suka yi: in an fito da yawa Obi, in ba a fito ba Tinubu. Ba a fito ba. INEC ta bayyana Tinubu da miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan 1.5, wanda kusan miliyan ɗaya daga ciki Kano kaɗai ta ba shi. Kashi 3 ɗin nan na ƙasa baki ɗaya da NOIPolls ya ba shi ba zai taɓa nuna maka hakan ba.

Ni yanzu in aka turo mini irin wannan, kafin in kalli sunan na gaba sai na nemi wanda ya biya kuɗin aikin, da ko ta waya aka yi ko ƙafa da ƙafa, sannan in gangara wurin waɗanda suka yi shiru. Ita kuwa ta Facebook da ake cewa danna wa gwaninka, ƙanena da wayoyi uku ya danna a zaɓen da ya wuce, kuma ko katin zaɓe bai karɓa ba.