Tarwaɗa da dare, karfasa da hantsi

Jiya ka ce da ni, "Maigida, me ya sa muke rufe tankin 'ya'yan tarwaɗa da baƙar leda, kuma me ya sa ka hana ni zuba wa karfasa abinci da asuba, alhali a lokacin ne suke tasowa sama baki buɗe?" Na ji daɗin tambayar, ɗana. Jawo kujera.

Ɗauki tarwaɗa ka dube ta da kyau. Idanunta 'yan mitsi-mitsi ne, amma ga gashin baki har 8, kuma da su take taɓa abu ta ɗanɗana shi tun bai shiga bakinta ba. Halittar dare ke nan. Shi ya sa masuntan Yawuri da Argungu suke kafa ƙugiya da magariba su koma dubawa da sassafe. Karfasa kuwa ga ido ƙato, da gani take kiwo. Duhu na yi sai ta lafa a ƙasa. Abincin da ka zuba mata bayan isha'i ruɓewa zai yi, ya ɓata maka ruwa.

Kuma ba ido kaɗai ke sanar da kifi gari ya waye ba. A saman ƙwaƙwalwarsa akwai wani ɗan ƙullutu mai jin haske, wanda ke sakin sinadarin da likitocin dabbobi ke kira melatonin idan duhu ya yi, ya rage shi da rana. Da wannan jikinsa ke rarrabe lokacin kiwo da na hutu. Abinci ma yana saita shi: ka riƙa ciyarwa ƙarfe 5 na yamma kullum, kafin sati biyu za ka tarar sun taru a gefen da kake tsayawa tun ba ka iso ba.

Batun leda, da asara na koye shi. Wata shekara ɓarayi suka dame ni, sai na rataya ƙwan lantarki a kan tankin ƙyanƙyasa, yana ci har safe. 'Ya'yan suka kasa natsuwa, suna ta zarya suna cizon juna, waɗanda suka fi girma suka dinga haɗiye ƙanana. Ranar da na zo tacewa na ga abin da ya rage, ban iya cin tuwon dare ba. A duhu suna kwantar da hankali, ƙarfin da za su ɓata a guje-guje ya koma tsoka. Sai dai ka bar wa iska hanya a gefe, kada ka like ledar ruf.

To, buɗe bakin karfasa da asuba ba yunwa ba ce, numfashi take nema. Koren nan na ruwan tafki, da rana shi ke zuba wa ruwa iskar da kifi ke shaƙa. Rana na faɗuwa sai ya daina bayarwa ya koma sha, kifi na sha, ruɓaɓɓen abin da ke ƙasa ma na sha. Kafin kiran sallar asuba iskar ta yi ƙasa sosai, musamman in jiya an wuni da hadari. Narkar da abinci kuwa yana ƙara wa kifi buƙatar iska, don haka in ka ciyar a lokacin, kai ka ƙarasa su da hannunka. Tarwaɗa tana jurewa saboda tana da abin shaƙar iskar sarari a bayan kanta, karfasa ba ta da shi. In ka gan su haka, sakar musu sabon ruwa ko ka kaɗa saman tafkin da bokiti, ka jira hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe 9 ko 10. Da hunturu ka ƙara jinkiri, sanyi na kashe musu cin abinci.

Yau da magariba ka ba manyan tarwaɗa kaso mafi yawa na abincinsu, ka juya fitilar gadi ta kalli ƙofa. Gobe kafin masallaci ka zo mu zagaya tafkin karfasa tare, in nuna maka yadda ake gane neman iska.